Ji Na Farko a Shagon Mumuni

Ran Asabar, da la'asar sakaliya,
a Aboabo, bakin kwatar da ba ta bushewa,
shagon Mumuni mai gyaran rediyo
ya ɗauke mu mu huɗu a kan kujera uku.
Dokar wurin guda ce:
abin da ka saya a makon nan, aje shi bisa tebur,
kunne ya fara ɗanɗanawa kafin bakinka ya yi masa kwalliya.

Gariba ya fara, da ma gaggawa ce ta yanke masa cibiya.
Baƙin faifai ya zaro daga tsohuwar jarida,
faffaɗa kamar murfin tukunyar wake.
A Kejetiya ya tono shi, in ji shi,
ƙarƙashin tulin takalman gwanjo,
sidi arba'in, bayan ciniki har da rantsuwa.
Allura ta sauka. Sai cuwai-cuwai kamar suyar ƙosai,
can jita ta leƙo, ƙaho ya biyo ta a hankali,
hailaif na zamanin da iyayenmu ke da ƙugu.
Opoku direban trotro, da ya tsaya karɓar batir,
ya mance da fasinja, ya lumshe ido:
"Irin wannan ganga, masu yin ta sun tafi da hannunsu."
A waƙa ta biyu allurar ta maƙale,
mawaƙin ya yi ta cewa zo, zo, zo, zo,
sai da Mumuni ya ɗora mata kwabo a ka ta wuce.

Azara tela ba ta riƙo komai ba.
Nata na cikin waya, waƙa goma sha ɗaya,
ba kwali, ba hoto, ba ƙamshin tawada.
Gariba ya ce, "Iska kika saya."
Ta ce, "Iskar ce ke shiga kunne,
kai ci gaba da shinshinar kwali."
Wani yaron Nima ne, baki kamar keken ɗinkinta,
Hausa da Tuwi da Turanci duk a zare ɗaya.
Ta farkon, ta ce, ta kama ta tun daga wuya,
ta huɗun surutu ce, kuɗin banza.
Ta bakwai kuwa ta tsallake da sauri,
wai sai dare, in ta rufe shago.
Ba wanda ya tambaye ta dalili.

Ni ne na ƙarshe, ina ta noƙewa.
Ɗan faifai mai ƙyalli, an rubuta sunan da biro,
na saya hannun wani mai goge a tashar motar arewa,
don tausayi, in faɗi gaskiya, ba don sha'awa ba.
Goge ne da ƙwarya, shi ke nan,
a wani ɗaki aka ɗauka, har fanka ana ji.
Gariba ya yi hamma mai tsawo, da gayya.

A ta uku, daidai inda gogen ya ja numfashi,
wata murya ta ratso taga daga nesa,
mai talla ce: "Koko da zafiii!"

"An cuce ka," in ji Gariba, "aikin ba tsabta."
Ban ce uffan ba.
Shekara tara ke nan da muka kai Inna Tafo,
muka baro ta ƙarƙashin jar ƙasa,
kuma haka take jan wutsiyar kalmar nan,
ta ɗaga ta sama, ta sake ta kamar ba ta so.
Na san ba ita ba ce. Na sani.
Na ce, "Mumuni, ɗan mayar da shi baya."
Ya mayar. Na ce ya ƙara.
Bai dube ni ba, ya ƙara.

Ana cikin na huɗu wuta ta ɗauke.
Fanka ta tsaya, unguwa ta saki tsaki baki ɗaya.
Fasinjan Opoku na dukan ƙofar mota,
Azara na laluben takalminta da ƙafa,
sauro ya karɓi waƙar daga inda aka tsaya.

Ina mayar da faifan aljihun riga
na ji Gariba a cikin duhu, murya ƙasa-ƙasa:
"Wace tasha ka ce ma?
Yana da saura?"